Farar Riga Ba Ita Ce Likita Ba

Shekara talatin ina sayar da atamfa da shadda a Wagadugu, ban taɓa karɓar dila ban kwance na duba ba. Amma da ciwo ya kama uwargidana, sai na miƙa ta ga mutumin da ban tambaye shi komai ba, don kawai na gan shi da farar riga.

Abin ya fara da yawan ƙishirwa da fitsarin dare, ga rama. A nan unguwarmu ta Zongo akwai wani mai ɗakin magani da kowa ke kira dokta. Ya ce zazzaɓin sauro ne, ya yi allura, ya sa ƙarin ruwa. Wata biyu muna zarya, kuɗi na tafiya, Hajiya kuwa sai ƙara zubewa take yi. Ranar da ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida, muka kwashe ta sai asibitin CMA na Pissy. Daga can aka ba mu takarda zuwa babban asibitin Yalgado Ouédraogo. Gwajin jini ya nuna ciwon suga ne.

Likitar da ta duba ta yarinya ce sa'ar 'yata, ɗana ke yi mana tafinta. Ta karɓi takardun maganin da muka zo da su, ta juya gaba da baya, ta ce, "Baba, wa ya rubuta wannan? Ba suna, ba hatimi." Na rasa bakin magana. Ashe kama da wane ba ta wane.

Ga abin da na koya a zaman jinyar nan. Likita na gaskiya a Burkina Faso sai ya kwashe shekaru a jami'a, irin ta Joseph Ki-Zerbo, ya kare kundin bincikensa, ya yi rantsuwa, sannan ya yi rajista da hukumar likitoci ta ƙasa, wadda ake kira Ordre des médecins. Mai son ƙwarewa a fanni ɗaya, kamar zuciya ko yara, sai ya ƙara wasu shekarun ya samu takardar DES. A ƙananan asibitocin unguwa kuwa, wato CSPS, yawanci malaman jinya ne da ungozoma. Kada a raina su, su ma da takardunsu, kuma idan ciwo ya fi ƙarfinsu sukan tura ka gaba. Mutuminmu bai tura mu ba, don mu ne kasuwarsa.

Sai batun aljihu. Tun 2016 gwamnati ta ɗauke kuɗin jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 da na mata masu juna biyu a asibitocinta. A 2015 aka yi dokar inshorar lafiya ta kowa da kowa, RAMU, a 2018 aka kafa asusunta, CNAMU. 'Yan uwanmu na Kumasi da Accra sun san irin wannan da katin NHIS. Ƙa'idar ɗaya ce: inshora tana biya ne a wurin da ta amince da shi, bisa takarda mai suna da hatimi. Allurar lungu ba mai mayar maka da ko dala.

Don haka, ɗan uwa, kafin ka miƙa iyalinka, yi tambaya kamar yadda kake yi a gaban dillali. Likita ne ko malamin jinya? Sunansa da hatiminsa suna kan takardar magani? Wurin yana karɓar inshora? Mai gaskiya ba ya fushi da tambaya.

Yanzu Hajiya na shan maganinta, tana kiyaye abinci, har ta koma sana'arta ta fura. Allah Ya ba mu lafiya, Ya haɗa mu da masu sanin aikinsu.