Ƙwayoyin hani a sashen gani na ƙwaƙwalwar biri

1. Gabatarwa

Ido yana karɓar haske, amma ƙwaƙwalwa ce ke gani. Saƙon ido yana isa wani sashe na ɓawon ƙwaƙwalwa da ke wajen ƙeya, wanda masana ke kira V1. Da yake tsarin ganin biri ya yi kusa da na mutum, a kan biri aka yi mafi yawan binciken da za mu taƙaita a nan.

2. Masu zuga da masu hani

Ƙwayoyin jijiya na wannan sashe iri biyu ne. Masu zuga suna tada maƙwabtansu. Masu hani kuwa suna kwantar da su da wani sinadari mai suna GABA. A V1 na biri, su ne wajen ɗaya cikin biyar.

Mu ɗauki misalin tattasai da aka shanya a kan rairayi a kwarin Komadugu. Ƙwayar da ke kallon tsakiyar shanyar tana shan hani daga ko'ina, domin maƙwabtanta duka abu ɗaya suke gani. Wadda ke kallon baki, inda tattasai ya haɗu da rairayi, haninta kaɗan ne, saboda haka muryarta ke fita. Ta haka iyakar abu ke bayyana sarai.

3. Idan aka hana ido aiki

Hubel da Wiesel, waɗanda suka sami kyautar Nobel a 1981, sun nuna cewa in aka rufe ido ɗaya na jaririn biri, ɗayan idon yakan mamaye rabonsa a V1. In an buɗe shi a makare, gani ba ya komowa daidai. A 1986 Hendry da Jones suka gano cewa ko a babban biri, GABA yana raguwa a rabon idon da ya daina aiki. A 1998 kuma binciken Hensch a kan ɓera ya nuna cewa balagar ƙwayoyin hani ce ke buɗe lokacin da ƙwaƙwalwa ke koyon gani.

4. Kammalawa

Wannan lokaci gajere ne: a mutum, yana ƙarewa wajen shekara 7 ko 8. Yaron da aka haifa da yanar ido, ko mai harara-garke, in aka jinkirta kai shi wurin likitan ido, ana iya gyara idon amma gani ya ƙi zuwa. Don haka muke ganin ya kamata malaman asibiti da ungozomomi, a Diffa da ƙauyukan kwarin, su riƙa duba idon jariri tun makonnin farko.