Abin da ya sa sifikar memori ke ƙin karanta saƙon muryar WhatsApp

A tashar motar Birnin Kudu da kasuwar Sara ta ƙaramar hukumar Gwaram a Jihar Jigawa, shagunan masu turi ba sa rabuwa da jama'a. Wani na son a zuba masa waƙoƙin Shata a memori, wani tafsirin azumi, wani kuma karatun malaminsa da aka turo masa ta WhatsApp.

A kan wannan na ƙarshe ake yawan samun saɓani. Karatun yana fita tangaram a babbar waya, amma da an sa memorin a sifikar da ake kira MP ko a rediyon mota sai na'urar ta tsallake shi. Mai kaya ya ce an cuce shi, mai turi ya rantse ya tura. Galibi kowannensu yana da gaskiya.

Sauti ɗaya, riguna daban-daban

Ana adana sauti a waya ne a matsayin lambobi. Idan ba a matse shi ba, kamar na faifan CD ko fayil ɗin WAV, ana auna sautin sau 44,100 a kowace daƙiƙa, kuma minti ɗaya yana cin kimanin megabait 10. Karatun awa ɗaya zai haura megabait 600.

Shi ya sa aka ƙirƙiro hanyoyin matsewa. MP3, wanda cibiyar Fraunhofer ta Jamus ta jagoranci samar da shi kuma aka raɗa masa wannan suna a 1995, yakan mayar da wannan awa ɗaya kimanin megabait 60. Yana yin haka ne ta hanyar zubar da sassan sautin da kunne bai cika lura da su ba.

Saƙon muryar WhatsApp kuwa yana zuwa ne a tsarin Opus, wanda aka amince da shi a 2012, kuma yana iya matse maganar awa ɗaya ta koma ƙasa da megabait 10. Ƙananan wayoyi da yawa suna naɗar murya a tsarin AMR, wanda aka yi domin kiran waya.

Yadda waya ke sauya sauti ana cikin saurare

Lasifika ba ta san MP3 ko Opus ba. Duk lokacin da aka kunna waƙa, manhajar da ke cikin wayar ce ke kwance matsin nan take, ta mayar da shi cikakkun lambobi, sannan a juya su zuwa wutar da ke girgiza lasifika. Ana yin haka kaɗan-kaɗan, shi ya sa mai saurare ba ya jira.

Manhaja irin su VLC, wadda ta faro daga aikin ɗalibai a wata makarantar injiniyoyi ta birnin Paris a 1996, tana ɗauke da makullan tsare-tsare masu yawa. Ita kuwa sifikar memori mai araha, yawanci MP3 da WAV da wasu 'yan kaɗan aka dasa mata tun daga masana'anta, ba a kuma iya ƙara mata wani.

Wannan ne dalilin da ya sa karatun da sifika ta ƙi ta memori yake fita idan an haɗa ta da waya ta Bluetooth. Wayar ce ke kwance shi, ta sake matse shi a wani tsari, galibi wanda ake kira SBC, ta aika. Fayil ɗin asali yana nan yadda yake.

Inda ake tafka asara

Sauyawar da ake yi lokacin saurare ba ta taɓa asalin fayil. Wadda ke ɓarna ita ce ta adanawa. Duk lokacin da aka juya Opus zuwa MP3, ko aka sake matse MP3 domin memori ya ɗauki da yawa, wani abu yana zubewa, kuma ba ya dawowa. Kamar kwafin takarda ne da ake ta yi daga kwafi.

Abin ya fi shafar tsofaffin muryoyi. Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Sheikh Abubakar Gumi a 1992, Mamman Shata a 1999. Yawancin abin da ke yawo nasu daga kaset aka ɗauko, kuma babu damar sake naɗa.

Birnin Kudu tana da tarihi da sauti. A nan ne aka fara rubuta bayanin duwatsu masu amo a Najeriya a 1955, kuma masani Bernard Fagg ya wallafa shi a 1956. Amon dutse yana nan bayan ɗaruruwan shekaru, amma muryar makaɗin ƙauye ko malamin zaure na iya lalacewa cikin 'yan juye-juye.

Me ya kamata a yi?

Canza sunan fayil ya koma MP3 ba ya sauya komai, domin abin da ke ciki yana nan. Sai an bi ta manhajar sauyawa, kamar VLC ta kwamfuta.

A juya sau ɗaya tak daga asali, a ajiye asalin a wani wuri. Mayar da saƙon murya MP3 mai nauyi ba ya ƙara masa kyau, wuri kawai zai ci.

Mai juye kaset ya fara adana shi a WAV, ya riƙa cire kwafin MP3 daga nan. Kada a kunna kaset a naɗa da saƙon murya, domin an tsara shi ne don magana, kiɗan kalangu da kotso ba sa fita yadda ya kamata.

Mai saye kuma ya gwada memorin a kan tasa sifikar kafin ya bar shago.