IDAN INJIN JIRGIN SAMA YA MUTU LOKACIN TASHI

'Yan kasuwar Gamboru ta Maiduguri masu zuwa Ikko saro kaya, da maniyyata aikin Hajji na Jihar Borno, da yawansu sukan shiga jirgin sama da wata tambaya a ransu: shin idan inji ya mutu a daidai lokacin da jirgi ke ƙoƙarin barin ƙasa, me zai faru? To, ya kamata jama'a su sani cewa matuƙin jirgi ya riga ya gamu da wannan matsala sau da yawa, amma a ƙasa, cikin wata na'ura ta koyon tuƙi.

Na'urar wani babban akwati ne da aka ɗora bisa ƙafafu shida na ƙarfe masu motsi. An ƙera cikinsa daidai da ɗakin matuƙi, ana kuma haska hoton filin jirgi a tagoginsa. Akwatin yana karkata yana girgiza, har wanda ke ciki ya manta a ƙasa yake. Malami yana zaune daga baya, yana kashe inji duk sa'ad da ya ga dama, ba gargaɗi. Akwai na'urorin koyon tuƙi a Makarantar Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a shekarar 1964. Bisa al'ada, matuƙin jirgin fasinja yakan koma a jarraba shi duk wata shida, kome daɗewarsa a aiki.

Kafin kowane tashi, akan lissafta wani gudu da matuƙa ke kira V1, watau iyakar yanke shawara. A babban jirgi yakan kai kilomita 250 ko fiye a sa'a ɗaya. In inji ya mutu kafin jirgi ya kai wannan gudu, sai matuƙi ya rufe wuta, ya taka birki, ya tsaya. In kuwa ya wuce shi, to, ba tsayawa, domin sauran hanyar ba za ta isa a tsai da jirgi ba. Dole a tashi da inji ɗaya. Wannan ba kasada ba ce, gama ba a ba jirgin fasinja mai inji biyu izinin aiki sai an tabbatar zai iya hawa sama da guda ɗaya.

Wahalar tana cikin daƙiƙu kaɗan na farko. Alal misali, in injin hagu ne ya mutu, na dama zai riƙa tura hancin jirgi zuwa hagu, kamar amalanken da sa ɗaya kaɗai ke ja. Nan take matuƙi zai taka abin juya wutsiya da ƙafar dama, ya miƙe jirgin, ya ɗaga hancinsa a hankali, a naɗe tayoyi. Sa'an nan ba ya taɓa kome a kan injin sai jirgi ya hau misalin ƙafa 400. Daga nan ne shi da mataimakinsa za su duba agogunan, su yarda su biyu da wanne inji ne ya mutu, kana su rufe shi, su sanar da hasumiya za su komo su sauka.

Wannan jinkiri da gangan ne ake koyar da shi. A watan Fabrairu na 2015, a birnin Taipei na ƙasar Taiwan, inji ɗaya na wani jirgi ya daina ba da ƙarfi jim kaɗan da tashi, sai matuƙi ya rufe mai lafiyar. Jirgin ya faɗa kogi, mutum 43 suka rasu. Gaggawa irin wannan ita ce malami ke nema ya raba ɗalibinsa da ita.

Har wa yau, lissafin tashi ya dogara ga nauyin jirgi da zafin gari. Iska mai zafi ba ta da kauri, saboda haka inji ba ya samun cikakken ƙarfinsa, jirgi kuma yana bukatar doguwar hanya. A Maiduguri, inda zafi kan wuce digiri 40 a watan Afrilu, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Mutanen Kano ba su manta da ranar 4 ga Mayu, 2002 ba, da tsakar rana, sa'ad da jirgin kamfanin EAS ya zarce ƙarshen hanyar tashi, injunansa suka zuƙi ƙura, ya faɗa unguwar Gwammaja, fiye da mutum 100 suka rasa rayukansu.

Saboda haka in ma'aikaci ya ce kayan fasinja sun wuce kima, ko aka bar wasu sai jirgi na gaba, ba wulaƙanci ba ne, ana neman nauyin da inji ɗaya zai iya ɗagawa ne. Bai kamata alhaji ya ɓoye kaya ko ya nemi a ɗaga masa ƙafa wajen awo ba. Haka kuma ana roƙon masu zama kusa da filin jirgi su daina zub da shara da kayan cikin dabbobi a fili, domin suna tara ungulu da shirwa, babban tsuntsu guda kuwa in ya shiga inji yana iya kashe shi.