Shimfiɗar Barga: Yadda Za Mu Gyara Wurin Kwanan Doki da Jaki

'Yan'uwa, idan muka ga dawakin hawan Sallah a birnin Sakkwato, kwalliyarsu ce ke fara ɗaukar ido. Amma lafiyar doki daga inda yake kwana take farawa. Shi ya sa a fadojin ƙasar Hausa ake da sarautar Shamaki, wanda asalin aikinsa shi ne kula da bargar sarki. Yawancinmu a ƙauye jaki muke da shi, ko doki ɗaya a turke. Dokar ɗaya ce: inda dabba take tsayawa da kwanciya ya kasance a bushe.

Me ya sa shimfiɗa take da muhimmanci?

Doki yana iya gyangyaɗi a tsaye, amma barci mai nauyi sai ya kwanta, ko da na rabin awa ne a rana. Idan ƙasa tana da tauri ko laima ba zai so kwanciya ba. In ya kwanta kuma, gwiwoyinsa sukan ƙuje su zama gyambo. Babban doki yakan yi kashi sau 8 zuwa 12 a rana, ga fitsari lita da yawa. Idan ya daɗe tsaye a cikinsu, ƙarƙashin kofatonsa yakan yi laushi, ya yi baƙi, ya yi ɗoyi, daga nan sai ɗingishi. Warin fitsarin nan mai shiga ido yana ɓata masa huhu. Dabbar da ke ɗingishi a tsakiyar damina ba za ta kai taki gona ba, ba za ta ɗebo ruwa ba.

Wace shimfiɗa za mu zaɓa?

Yashi. Shi masu dawaki suka saba da shi a ƙasar Sakkwato, kuma ana samunsa a bakin kogin Rima da kogin Sakkwato. Fitsari yana tsiyayewa a cikinsa. Idan yana cikin inuwa yana da sanyi a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi kan wuce digiri 40. Mu zaɓi yashin rafi mai tsabta, marar tsakuwa da kwalba. Hatsarinsa ɗaya ne: idan muna zuba abinci a ƙasa, doki yakan haɗiye yashi kaɗan-kaɗan har ya taru a hanjinsa ya jawo ciwon ciki mai kisa. Saboda haka dusa da harawa a komi za a zuba su, ko a rabin duro.

Buntun shinkafa. Wuraren da ake noman shinkafa, kamar Wurno da Goronyo, ana samunsa da araha a injinan gyaran shinkafa. Yana da laushi, ba ya saurin ruɓewa, amma ba ya shan fitsari sosai. Ya fi kyau a baza shi a bisa yashi. A sheƙe shi tukuna don a rage ƙura.

Ciyawar shinkafa da ta rage bayan bugu. Tana riƙe ɗumi, ta dace da sanyin hunturu. Sai dai dabba mai yunwa takan ci ta da yawa har ciki ya toshe. A ba ta abinci isasshe da ruwa kafin dare.

Sassaƙen katako na wurin kafintoci. Ya fi duka shan fitsari. Mu tace shi da hannu mu fitar da ƙusoshi, domin sukar ƙusa a kofato na iya kawo cutar tetanus, wadda ke sandarar da jiki, kuma doki yana saurin kamuwa da ita. Kada mu karɓi na katakon da aka shafa wa fenti ko maganin gara. Garin katako mai laushi ƙwarai yana jawo tari.

Abin da za mu guje wa: ƙaiƙayin gero, don yana shiga ido da hanci, da duk wata ciyawa ko ɓawon gyaɗa da ya yi fumfuna.

Yadda za mu shirya wurin

Mu kafa turke a tudu, ba inda ruwan indararo ke zuba ba. Mu daɓe ƙasan ya ɗan karkata gefe ɗaya, sa'an nan mu zuba yashi mai kaurin santimita 15, wato kamar tsawon biro. Mu yi rumfa mai tare rana da ruwa, amma a bar iska tana ratsawa. Kafin ruwan watan Yuni ya sauka, a haƙa ɗan lambatu a kewaye.

Aikin kowace rana

1. A kwashe kashi safe da yamma.
2. A tone inda fitsari ya jiƙa, a fitar, a bar rana ta busar da wurin kafin a cike da sabo.
3. A ɗaga kofato huɗu a ƙwaƙule datti da abu marar kaifi.
4. A fitar da dabba waje kafin a yi shara, don kada ta shaƙi ƙura.
5. Kada a hura wuta ko a ajiye fitila kusa da busasshiyar ciyawa.

Idan ciwo ya shigo

A ƙarshen 2018 da farkon 2019, murar dawaki ta kashe jakuna da yawa a Jihar Sakkwato da Jamhuriyar Nijar. Dabba mai tari tana bukatar hutu da wuri marar ƙura, nesa da sauran. Bayan ta warke, a kwashe shimfiɗarta duka a sa sabuwa. Idan muka ga majina, ko doki yana birgima yana duban cikinsa, mu nemi malamin dabbobi ba da jinkiri ba. A cikin birni akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Tsohuwar shimfiɗa taki ce

Kada mu zubar da abin da muka kwashe. Mu tara shi a rami nesa da rijiya da ɗakin kwana, muna yayyafa ruwa muna juyawa, har wata 3 ko fiye. Mai katako da buntu ya fi daɗewa kafin ya ruɓe, kuma idan aka kai shi gona ɗanye amfani yakan yi rawaya. In ya nuna, albasa da masara za su gode mana.

Tambayoyi domin tattaunawa a ƙungiya

Wane abin shimfiɗa ne ake zubarwa ko ƙonewa a ƙauyenmu? Gidaje nawa ne za su iya haɗa kuɗi su ɗauko amalanken yashi kafin damina? A gidanmu, wa ke kwashe kashin dabba, kuma wa zai karɓe shi ranar da ba ya nan?