Noma da Cinikin Furanni: Misali Daga Ƙasar Kenya

Gabatarwa

A al'adar Bahaushe, idan aka ambaci noma, abin da kan zo wa mutum a rai shi ne hatsi ko auduga ko gyaɗa. Sai dai akwai wani nau'in noma da ba don ci ake yin sa ba, wato noman furanni na ado. Fure yana cikin jerin kayan gwari, har ma ya fi tumatir saurin lalacewa, domin da zarar ya yi yaushi, darajarsa ta tafi. Saboda haka, duk tsarin wannan sana'a an gina shi ne a kan tsere da lokaci. Ƙasar Kenya kyakkyawan misali ce da za ta fito da wannan batu fili.

Yadda Ake Noman

Cibiyar noman furanni a Kenya ita ce gaɓar tafkin Naivasha, kimanin kilomita 90 daga Nairobi. Wurin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,900, ga shi kuma kusa da layin da ya raba duniya gida biyu. Wannan ya sa ake samun hasken rana duk shekara ba tare da tsananin zafi ba. Manomin Turai kuwa sai ya kashe kuɗi wajen ɗumama gonarsa da haskaka ta a lokacin hunturu.

Furen wardi shi ne kan gaba. Ana dasa shi a cikin manyan rumfunan leda, a riƙa ɗiga masa ruwa da taki ta ƙananan bututai. Akan yanke shi tun bai gama buɗewa ba, a tsoma karan cikin ruwa, a kai shi ɗakin sanyi. Daga nan sai ma'aikata, waɗanda yawancinsu mata ne, su tantance shi gwargwadon tsayin kara da girman kai, su ɗaure shi dami-dami.

Yadda Ake Cinikin

Motoci masu na'urar sanyi ne ke kai furannin filin jirgin saman Jomo Kenyatta, a yi jigilarsu zuwa Turai. Wasu kan wuce kai-tsaye zuwa manyan kantuna, wasu kuma su bi ta kasuwar gwanjo ta Aalsmeer da ke ƙasar Holan, wadda ta haɗe da kamfanin FloraHolland a shekarar 2008.

Gwanjon wannan kasuwa ya saɓa da wanda aka saba gani. Maimakon a yi ta ƙara kuɗi, farashi kan fara ne daga sama ya riƙa sauka, wanda ya riga danna maɓalli shi ya saya. Mai gaggawa zai saya da tsada, mai jinkiri kuma a riga shi. Hikimar ita ce a gama ciniki cikin 'yan daƙiƙoƙi. Daga hannun 'yan sari ne furen kan isa ga masu shaguna, waɗanda kasuwarsu kan fi ci a lokutan bukukuwa, musamman ranar masoya ta 14 ga Fabrairu.

Matsalolin Sana'ar

Babbar barazana ita ce tsayawar sufuri. A watan Afrilu na 2010, tokar dutse mai aman wuta na ƙasar Aisilan ta hana jirage tashi a Turai, aka yi ta zubar da furanni a gonakin Kenya, aka kuma dakatar da dubban ma'aikata. Haka aka sake gani a 2020, lokacin annobar korona.

Sannan akwai batun ruwa. Masunta da makiyaya da mazauna gari duk sun dogara da tafkin Naivasha, kuma a farin 2009 ruwansa ya ja baya ƙwarai, abin da ya ƙara zafafa muhawara a kan yawan ruwan da gonaki ke ja da magungunan ƙwari da ke gangarawa cikinsa.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa iya noma kaɗai ba ya riƙe wannan sana'a. Sai an haɗa da tsayayyar wutar lantarki, da hanya mai kyau, da jirgi mai tashi a kan lokaci. Idan ɗaya ya kuskure, wahalar watanni kan tashi a banza cikin kwana biyu.