Mai Ɗura Kanta da Mai Karyawa: Wacce ta Fi Dacewa da Maharbin Fadamar Rima?

Daga Kagara zuwa Goronyo, a gangaro Wurno, a ƙetara har Rabah, maharba sun daɗe da sanin bindiga iri biyu: ta toka wadda maƙerin gari ke haɗawa, da ta Bature mai baki ɗaya ko biyu, wadda ake karyawa a tsakiya a cusa harsashi da hannu. Sai ga ta uku ta shigo, mai ɗura kanta, wadda da zarar an taɓa kunama za ta tofar da kwanso ta jawo sabon harsashi ba tare da an sa mata hannu ba. Samari sun ƙyalla ido a kanta, dattawa kuwa suna kallonta a kaikaice. Mai karyawa da mai ɗura kanta su ne zan ɗora a sikeli, kuma a kan abu biyu kawai: wacce ke cin harsashi ba gardama, wacce kuma fatarta ke jure wa yanayinmu.

Mai ɗura kanta ba baƙuwa ba ce a duniya. John Browning, Ba'amurke, shi ya ƙirƙiro Auto-5, kamfanin FN na Beljiyam ya fara ƙera ta a farkon ƙarni na 20, tana aiki da ƙarfin da bindiga ke tokarar kafaɗa da shi. A 1963 kamfanin Remington ya fito da samfurin 1100, wanda ke satar ɗan hayaƙin albarushi ta wasu ƙananan ramuka a cikin bututu ya tura fistin baya. Kamfanin Benelli na Italiya kuma ya bi wata hanya ta sifirin mai ƙarfi a cikin makulli, wato ƙarfen da ke rufe bayan harsashi. Ko wace dabara aka bi, sharaɗin ɗaya ne: harbin da ya fita shi zai yi aikin ɗura na gaba, saboda haka dole ƙarfinsa ya kai, dole kuma hanyar da ƙarafan ke zirga-zirga ta kasance fes.

A nan ƙasarmu ke shigowa da nata hukuncin. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ba ta neman izini. Tana shiga akwatin da aka kulle, balle bindigar da aka rataya a kafaɗa bisa babur. Mai bindiga, don ƙauna, ya malala mata baƙin mai ko giris. Ƙura ta sauka a kan man, hayaƙin albarushi ya ƙara nasa baƙin, sai abin ya zama kamar ƙullun da aka cuɗa da yashi. Garken kirinjijiya ya tashi daga bakin madatsar Goronyo, maharbi ya saki na farko, ya sake matsa kunama, shiru. Ya duba, ga kwanso ja ya fito rabi ya maƙale a bakin taga, sabon harsashi kuma ya tokare shi daga ƙasa. Kafin ya zaro shi da farce tsuntsaye sun kai tsallaken ruwa. Za ka ji tsofaffin maharba na cewa wagga ba ta son ƙura, alhali ƙura ita ad da gari.

Harsashin kansa ma yana da nasa laifin, har na fi ɗora masa alhaki fiye da ƙura. Wanda maharbin ƙauye ke samu ba daga kwali ɗaya yake fitowa ba. Wani na kurciya ne mara nauyi, wanda ƙarfinsa ba ya isa ya kai makulli ƙarshe. Wani ya shekara a aljihun riga, gindinsa ya yi tsatsa. Wani tsawonsa milimita 70, wani 76. Wanda aka bari a cikin bututun ajiya kuwa, sifirin na danne da shi a zafin Afrilu da ke haura ma'auni 40, robarsa kan kumbura ta ƙi zamewa. Sifirin ɗin ma yana gajiya. Mai karyawa ba ruwanta da yawancin wannan. Muddin harsashin ya dace da ɗakinsa, yatsa ne ke tura shi, ido na gani, in ya ƙi shiga a jefar a sa wani. In ya ƙi tashi, mai baki biyu yana da na biyu a shirye.

Kada a ce na tauye wa mai ɗura kanta haƙƙi. Tokararta ta fi taushi, musamman mai aiki da hayaƙi, kuma dattijon da kafaɗarsa ta gaji zai gode mata. Tana ɗaukar harsashi huɗu ko biyar, ta sake su a jere. Sai dai ko a Amurka, inda aka haife ta, tun 1935 doka ta hana mai farautar tsuntsayen ruwa ɗura fiye da uku, don kada a ƙarar da su. Mu ma fadamarmu ba ta da agwagwar da za ta jure harbi biyar-biyar.

Batun fata kuwa, a nan sikelin ya ɗan rinjaya wajen sabuwar. Baƙin da ke jikin tsohuwar mai karyawa ba fenti ba ne. Wata irin tsatsa ce baƙa da ake jawowa da gangan a masana'anta, sirara ƙwarai, ba ta tare ruwa sai da taimakon mai. A damina, tsakanin Yuni da Satumba, raɓar shinkafar Wurno da gumin tafin hannu sun isa su bar mata jan tabo kafin gari ya waye, kuma itacen gindinta yakan sha laima ya saki. Masu ɗura kansu na yanzu da yawa gangar jikinsu goran-ruwa ce da ba ta tsatsa, gindinsu roba, cikin bututun kuma an shafe shi da kurom. Wasu an yi musu wani rufi mai kaushi, ruwan toka, irin na bindigogin soja, wanda ke riƙe mai a jikinsa. Wasu kuma an fesa musu Cerakote, haɗin da ake gasawa a tanda ya kama ƙarfe, ya hana gumi da ruwa isa gare shi.

Amma fata ba ta ɗura harsashi. Rufin da ya hana tsatsa bai hana ƙura shiga ba, har ma in mai fesawa ya cika hannu a kan layin da makulli ke gudu, kaurin rufin kaɗai ya isa ya sa bindiga cijewa, domin tazarar da ke tsakanin waɗannan ƙarafa ba ta da yawa. Sannan akwai ta kasuwa mai zanen ganye-ganye, fentin da farce ke ɓantara, wadda aka yi wa ado don idon mai saye. Tsatsa dai maƙiyi ce mai sallama: kana ganinta tana tahowa, tsumma da ɗigon man keken ɗinki kowace yamma sun kore ta. Cijewa ba ta sanarwa, sai a lokacin da ake buƙatar harbin. Ko bindigar toka, wadda ragowar albarushinta ke jan laima fiye da kowacce, masu ita sun riƙe ta shekara da shekaru da ruwan zafi da mai.

In ta lalace fa? Mai karyawa ƙarafanta masu motsi ba su taka kara sun karya ba, maƙerin da ya san aikinsa zai iya ɗaure mata ƙugu in ta yi sako-sako. Mai ɗura kanta in zoben robar fistin ya tsinke, ko ƙugiyar da ke jawo kwanso ta karye, sai an nemo na kamfaninta, kuma babu shagon da ke sayar da shi a kasuwar Goronyo ko ta Acida. Dalilin a bayyane yake. Dokar makamai ta 1959 ta sa bindigar toka a hannun kwamishinan 'yan sandan jiha, ta sa bindigar farauta ta sosai a hannun Sufeto Janar, amma ta cire mai ɗura kanta da duk mai na'urar ɗuri daga wannan rukuni, ta mai da su haramtattu sai da izinin shugaban ƙasa. Shi ya sa irinsu ke shigowa a ɓoye, kamar guda 661 masu ɗurin ja-da-hannu da jami'an kwastan suka kama a Legas a Janairun 2017. Abin da ya biyo ta bayan gida ba ya zuwa da kayan gyara, ba ya zuwa da takardar bayani.

Na san wani zai ce yanzu ba zancen zabo da fakara ake ba, tun da 'yan bindiga suka far wa kasuwar Goronyo a Oktoban 2021, dajin Gundumi kuma ya gagari mafarauta. Gaskiya ne. Amma wannan nauyi na hukuma ne, da rundunar tsaron al'umma da gwamnatin Sakkwato ta kafa a 2024, inda ya kamata a sami ɗakin ajiye makamai da mai gyara da harsashi iri ɗaya, wato ainihin abubuwan da mai ɗura kanta ke buƙata, waɗanda mutum guda a ƙauye ba shi da su.

Ga maharbin Kagara ko na Rabah da ke neman nama da halalinsa, mai karyawa ce tasa: ya yi mata lasisi, ya rage mata mai da hunturu, ya ƙara mata da damina.