Cibarakaten: sabon kaya bisa tsohuwar kwamfuta

Cikin watan Afrilu na shekara ta 2014, abubuwa biyu suka faru waɗanda ba wanda ya yi zaton wata rana za su gamu. Can Amurka, kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows XP, babbar manhajar da ta daɗe tana tuƙa kwamfutocin ofisoshinmu. Nan gida kuwa, labarin zinariya ya ɓullo daga Jado, kuma kafin shekarar ta ƙare ya kai Cibarakaten, can arewa maso gabashin Arlit, dab da iyakar Aljeriya. Dubban mutane suka ɗaura kaya. Da gwamnati ta rufe Jado cikin shekara ta 2017, da yawa daga cikin mahaƙan can suka kwararo nan, wurin ya ƙara cika.

Tare da na'urorin neman ƙarfe, da kwampresa, da gangunan ruwa, wata baƙuwa ta hau mota ba tare da an kula da ita ba, ita ce kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda muke ce ma portabul. Akasarinsu ba sabbi ba ne. Tsofaffin kayan ofisoshin Turai ne, Dell da HP da Lenovo, waɗanda suka gama aikinsu can aka sayar da su nan. Mai rami yana rubuta abin da ya kashe ma ma'aikatansa na abinci da ruwa da mai kafin a raba abin da aka samu. Ɗan kasuwa yana riƙe da bashin da ke kan mutane. Saurayi ya kafa rumfa yana zuba ma mahaƙa waƙoƙi da wa'azi da fina-finai cikin waya. A wurin da ake awo da giram, lissafin da ya ɓata yana iya raba aminai.

Ga shi kuma tarihi ya sake maimaita kansa. Bayan Windows 7 da aka yaye ran 14 ga Janairu 2020, ran 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina aika ma Windows 10 gyare-gyaren tsaro na kyauta. Ya buɗe ƙarin wa'adi na shekara guda ga wanda ya yi rajista, mai ƙarewa 13 ga Oktoba 2026. Kada mai karatu ya tsorata: na'urar ba ta mutuwa ranar. Tana kunnuwa, tana aiki. Abin da ya canza shi ne duk ɓarakar da ɓarayin intanet suka gano daga baya, ba mai zuwa ya toshe ta.

Abin da Windows 11 ke nema

Magajiyarta, Windows 11, ta fito ran 5 ga Oktoba 2021 da sharuɗɗanta: ƙwaƙwalwar aiki, wato ram, jiga 4 aƙalla; wurin ajiya jiga 64; wata ƴar na'urar tsaro mai suna TPM 2.0, sannan zuciyar kwamfutar, wato furosesa, in ta Intel ce ta kasance daga zubi na takwas zuwa sama, wanda ya fara fitowa cikin shekara ta 2017. Nan gizo ke saƙar. Portabul ɗin shekara ta 2011 ko 2012, irin waɗanda suka cika rumfunan Agadas da Arlit, ko da lafiyarta lau, ba ta cikin lissafi.

Masu gyara dai ba su rasa dabara. Da wata ƴar manhaja mai suna Rufus ana shirya kile yadda za a tsallake binciken, a ɗora Windows 11 da ƙarfin tsiya. Tana hawa kuwa. Mai na'ura ya biya, ya ga sabon allo mai kyaun gani, ya yi murna, ya kama hanyar daji. Abin da ba a cika gaya masa ba shi ne Microsoft ya faɗa a fili cewa irin wannan na'ura ba ta da tabbacin samun gyare-gyare. An kuma ga misali: zubin Windows 11 na ƙarshen shekara ta 2024 ba ya ma tashi bisa tsofaffin furosesa irin su Core 2 Duo, ko da wace dabara. A Yamai wannan ɓacin rai ne na yini guda, ka hau kabu-kabu ka koma wurin mai gyara. A Cibarakaten kuwa tafiyar ɗaruruwan kilomita ce cikin hamada, bisa hanyar da ake jiran rakiyar soja saboda ƴan fashi. Ra'ayina, wanda abincinsa ke cikin na'urarsa bai kamata ya yi caca irin wannan ba.

Ina nauyin yake?

Kafin a zargi manhaja, a duba jiki. Sau da yawa abin da ke sa tsohuwar portabul jan ƙafa abu uku ne, kuma sabuwar Windows ba ta maganin ko ɗaya.

Na farko, kuma babba, faifan ajiya. Tsohon diski faranti ne mai juyawa, galibi sau 5400 cikin minti guda, da ƴar allura mai shawagi bisansa tana neman abin da aka ajiye. Windows ta zamani ba ta barinsa ya huta, kullum tana karatu tana rubutu a ɓoye, sai ka danna abu ka tafi ka dafa shayi ka dawo. Ga shi kuma ba ya son jijjiga, alhali babu abin da hanyar Cibarakaten ta fi arziki da shi kamar jijjiga. Faifan SSD ba shi da abin da ke motsi ciki. Wanda ya musanya tsohon diski da shi, ya ƙara ram daga jiga 4 zuwa 8 in na'urar ta yarda, zai rantse an canza masa kwamfuta, kuma kuɗin bai kai rabin na wata portabul ba.

Na biyu zafi da ƙura. Ƙurar dutsen da ake fasawa tana shiga ta toshe fankar ciki, furosesa ta yi zafi, ita kuma an ƙera ta yadda in zafi ya kusa kai awo 100 sai ta rage gudu da kanta domin kada ta ƙone. Mai ita ya ce tsufa ne, alhali numfashi ne ya gagara. Buɗewa, da hurawa, da sabunta man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta, aikin sa'a guda ne. Na uku wuta. Layin Soniсar da ke haska Arlit da Agadas bai kai can ba, sai gurub da faifan rana. In batirin portabul ya mutu, gurub kuma ya ɗauke ana tsakiyar ɗora manhaja, to sai a ce Allah ya kiyaye.

Hanya ta uku

Tsakanin zama da Windows marar mai tsaro da ɗora wadda ta fi ƙarfin na'ura, akwai Linux. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara ta cikin shekara ta 1991, kuma kyauta ce, ba lasisi, ba satar lamba. Tana da iri-iri, wasu an yi su musamman domin raunanan na'urori. Linux Mint zubi na 22 tana tashi da ram jiga 2, ta fi sakewa da 4, tana jin Faransanci, ta san allon rubutunmu na AZERTY, kuma masu ita sun yi alkawarin gyare-gyaren tsaro har shekara ta 2029. Lubuntu da antiX sun fi ta sauƙin nauyi. A Faransa wasu masu aikin sa kai sun haɗa wata mai suna Emmabuntüs domin raya kwamfutocin da aka bai wa ƙungiyar Emmaüs sadaka, kuma da ita aka buɗe ɗakunan koyon kwamfuta cikin makarantun arewacin Togo. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana.

Abin da ya fi burge ni game da ita, ana iya kunna ta daga kile a gwada ba tare da an taɓa abin da ke cikin diski ba. In sauti ya fito, wifi ya kama, injin buga takarda ya amsa, sai a ɗora. In ba haka ba, a zare kile, ba a yi asarar komi ba. Sannan birus ɗin nan da ya addabi rumfunan zuba waƙoƙi, mai ɓoye takardu ya bar inuwarsu cikin kile, domin Windows aka yi shi, ba ya tashi cikin Linux, ko da yake tana iya miƙa shi ga wata na'ura in an kwafa.

Amma kada a yi ma kowa romon baka. LibreOffice tana buɗe takardun Word da Excel, sai dai wasu jadawalai masu sarƙaƙiya sukan karkace. Mai gyaran waya zai tarar da yawancin manhajojin aikinsa Windows kaɗai suka sani. Ma'aikacin gwamnati da aka ba na'urar ofis, duwan ne ko na ma'aikatar ma'adinai, ba hurumin sa ba ne ya wanke ta ya ɗora abin da ya ga dama. Ya rubuta ma magabatansa. Kuma ko wace manhaja aka ɗora, shafukan intanet na yau suna cin ram kamar fara cikin gona, na'ura mai jiga 2 ba za ta riƙe shafi goma a buɗe ba. Babbar matsala kuma ita ce masu gyaran da suka saba da Linux ba su da yawa cikin jihar, saboda haka wanda zai koma gare ta ya zauna ƴan kwanaki cikin gari yana aiki da ita kafin ya yi nisa.

Akwai kuma wanda ba sai ya canza komi ba: ɗan kasuwar da portabul ɗinsa ba ta taɓa shiga intanet, lissafi kawai take riƙewa. Shi ƙofar ɓarawonsa ɗaya ce, kilen mutane. Ya hana a soka masa ko wane, ya ci gaba da tsohuwar Windows ɗinsa.

Ko wace hanya aka zaɓa, ɗora sabuwar manhaja yakan share abin da ke cikin diski, kuma mai gyaran da ke da mutum goma bisa benci ba lalle ya tambaye ka ba. Kafin na'ura ta bar hannunka, a kwafe littafin bashi da na rabon rami cikin kile biyu, a buɗe su bisa wata kwamfuta a tabbata sun kwafu, ɗaya ya zauna Arlit wurin amintacce, a kuma buga na watan ƙarshe bisa takarda.